Laftof ɗina tana zafi tana mutuwa da kanta, bairos ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da laftof ta hannu da na saya shekara biyu ke nan, ni da yara muke amfani da ita a gida. Tun bayan hunturu fankarta ke ƙara kamar injin markaɗe, ƙasanta ya ɗau zafi, kafin rabin awa sai ta mutu da kanta. Wani ya ce bairos ne, in kai a yi mata fomatin. Haka ne? (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, dakata da fomatin ɗin nan, wato goge komai a sake saka Windows, tukuna. Abin da ka kwatanta ya fi kama da aikin ƙura, kuma ko sau goma aka yi fomatin ƙurar tana nan daram.

Fankar laftof tana zuƙar iska ta ƙasa, ta hura ta cikin wasu siraran ƙarafa masu kama da lagireton mota, zafin ya fita ta gefe. Ƙurar hunturu da ake sha daga Nuwamba zuwa Fabrairu tana taruwa a bakin ƙarafan nan har ta dunƙule kamar auduga. Sai bazara ta biyo baya, zafi ya haura digiri 40 a ƙasashenmu. Idan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta doshi digiri 100, rage gudu take fara yi, in abin bai lafa ba ta kashe kanta don kada ta ƙone. Mutuwar da kake gani ke nan.

Gwada wannan. Rufe duk abin da ka buɗe, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager, allon da ke nuna aikin da kwamfutar take yi, zai fito. Dubi layin CPU, wato furosesa. In lambar ƙarama ce amma zafin bai fasa ba, galibi ƙura ce. In ta maƙale a sama na tsawon lokaci, akwai manhajar da ke aiki a ɓoye, ko da yake sau da yawa Windows ce ke sabunta kanta.

Kai wa mai gyara ya kwance ta, ya share fankar, ya kuma canza man nan mai ruwan toka da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, don bushewa yake yi idan ya kwana biyu. Kafin ka fita da ita, kwafe hotuna da takardunka a wani wurin. Na sha ganin wanda ya kai gyaran fanka ya dawo da kwamfuta fes, babu ko hoton sunan ɗansa a ciki. Kada kuma ka hura da baki, damshi za ka tura mata.

Sannan ka lura da inda yaran ke ɗora ta. Katifa da matashi da kafet toshe ƙofofin iskar suke yi. Tebur ko faffaɗan faranti ya wadatar.

Batun bairos kuwa, Microsoft Defender, mai gadin bairos da ke cikin Windows 10 da 11, ya isa gida, muddin ana barinsa ya sabunta, kuma duk filashin da ya dawo daga shagon buga takardu a sa ya bincika shi kafin a buɗe. In Windows 10 kake da ita, Microsoft ta daina tallafa mata tun 14 ga Oktoban 2025, saboda haka ka sa mai gyaran ya duba ko laftof ɗin za ta ɗauki Windows 11 tunda tana hannunsa.