Ɗan majalisa zai iya sa minista ya yi bayani?

Malam, ka tambaya ko wakilinku zai iya tuhumar minista kan hanyar da aka sa a kasafin kuɗi amma ba a taɓa ta ba.

Zai iya, amma ba shi kaɗai ba. Ƙudiri zai gabatar, a yi muhawara, a miƙa wa kwamiti. Sashe na 67 na tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya wajabta wa minista amsa gayyatar majalisa, na 88 da 89 kuma sun ba ta ikon bincike, har da sammacin wanda ya ƙi zuwa.

Sai dai majalisa ba ta sauke minista, wannan na shugaban ƙasa ne. Kada ku tsaya ga ƙorafi a Facebook. Ku rubuta takardar koke da hotunan hanyar, lauya ya duba muku, wakilinku ya gabatar da ita.