Ga 'yar'uwar da ke son komawa karatu bayan aure a Gombe

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce an yi miki aure bayan kin gama sakandare, 'ya'yanki uku, maigida ya amince ki koma makaranta, sai dai ba ki ci lissafi ba, kuma kin rasa wanda za ki ɗauka tsakanin koyarwa da aikin asibiti. Allah ya saka wa maigida da alheri. Amma amincewar baki kaɗai ba ta kai mace ƙarshen karatu, akwai abubuwan da ya kamata ki daidaita tun kafin ki biya ko kwabo.

Fara da takardunki. Ana neman kiredit biyar har da Turanci da lissafi, a zaman jarrabawa da bai wuce biyu ba. Saboda haka tsohon sakamakonki bai mutu ba. Ki yi rajistar NECO ko WAEC ta 'yan waje da ake rubutawa wajen ƙarshen shekara, ki sa ƙarfinki a lissafi, sai a haɗa sakamakon biyu. Idan asibiti kike so, dole sai da Biology, Chemistry da Physics, wadda ta yi ajin Arts kuwa sai ta rubuta su daga farko. Ki guji cibiyoyin da ake biya a yi wa mutum satar amsa. Sau da yawa hukumar kan riƙe sakamakon cibiyar gaba ɗaya, an yi asarar kuɗi da shekara.

Sai maganar suna, wadda ta fi komai wahalar da matan aure. Mace ta rubuta jarrabawa da sunan mahaifinta, da ta yi aure sai ta je ta yi NIN da sunan miji. JAMB kuwa daga NIN take ɗauko bayanai, ranar tantancewa sai a ga sunaye biyu, a ce ta je ta kawo takardar rantsuwa ta kotu da sanarwar jarida. Ki ajiye sakamakonki, takardar haihuwa, takardar asalin ƙaramar hukuma da NIN a gabanki, ki duba suna harafi da harafi, da ranar haihuwa. Idan da bambanci, ki gyara yanzu. Ci gaba da amfani da sunan mahaifi shi ne mafi sauƙi, shi ne kuma abin da addini ya koyar.

Game da zaɓi, mai yara uku da ba ta da mai taya ta a gida, koyarwa ta fi mata. NCE, wato takardar shaidar malanta, shekara uku ce, ga kwalejin ilimi ta tarayya, FCE (Technical), a cikin garin Gombe, ga kwalejin ilimi ta Billiri. Akwai kuma NTI, cibiyar horar da malamai ta ƙasa, da ake zuwa aji ƙarshen mako. Nauyin yana zuwa ne lokacin gwajin koyarwa, inda za ki yi watanni kina makaranta tun kafin taron safe, ga rubuta darasi da dare.

Aikin lafiya ya fi buƙatar mata, don akwai matan karkara da suka gwammace haihuwa a gida da a ce namiji ya duba su. Sai dai kar a ɓoye miki nauyinsa. Karatun jinya da ungozoma ba a yin sa rabi da rabi: akwai jarrabawar tankaɗe a watannin farko, akwai aikin dare idan an tura ku asibiti. Kwalejin fasahar lafiya ta Kaltungo kuma ba ta je-ka-ka-dawo ba ce ga mai zama a Gombe. Maza da yawa kan amince a farko, ranar da aka ce matar za ta kwana a asibiti sai magana ta canza.

Don haka ki zauna da maigida da jadawalin karatun a hannu. Wa zai kai yara makaranta, wa zai ɗauko su daga Islamiyya? Abincin rana fa, ranar da kike da lacca har la'asar? Kuɗin Napep na kullum da na littattafai, daga aljihun wa? Idan akwai abokiyar zama, a yi maganar ranakun girki a fili. Hajiya mahaifiyar maigida kuma, shi ya dace ya je ya sanar da ita da bakinsa, kada ta tsinci labarin a gidan suna.

Idan ciki ya zo ana tsakiyar karatu, kada ki ɗauke ƙafa shiru. Ki rubuta takardar neman jingine zangon ta hannun shugaban sashe, ki haɗa da shaidar asibiti, ki riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Wadda ta ɓace ba takarda, faɗuwa ake rubuta mata a duk kwasa-kwasan.

Bayan kammala karatun koyarwa ki yi rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai ta ƙasa, don ana tambayar shaidarta wajen ɗaukar malamai. In makarantar kuɗi ce ta ɗauke ki, ki nemi takardar kama aiki a rubuce. Dokar ƙwadago ta ba mai haihuwa hutun mako 12, da aƙalla rabin albashi idan ta kai wata shida a wurin, da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Wadda ba ta da takarda a hannu, da wuya ta iya neman wannan haƙƙin idan aka hana ta.