Ƙanina ya daina gane ni a gidan yari

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ƙanina ɗan shekara 23 yau watansa 14 a tsare kan zargin satar waya, har yanzu jiran shari'a yake. Lafiyarsa ƙalau ya shiga, in ban da ƙwaya da yake ɗan taɓawa. Zuwana na ƙarshe na kai masa dambu da sabulu, ya zuba mini ido kamar bai taɓa ganina ba, yana ta surutu shi kaɗai. Wani ɗan ɗakinsu ya ce ba ya barci, wanka ma ya daina. Innarmu ta ce iska ce, a kai masa rubutu, in ya fito a miƙa shi gidan mari. Na rasa tudun dafawa.
Ƙanwarki daga jihar Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya ba shi lafiya, ya saka miki da wannan zumunci. Na daɗe ina aikin jinya a ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa, kuma wasiƙarki ta tuna mini da wani saurayi da gandurobobi suka taɓa kawo mana, ƙafarsa duk tabon sarƙa. Ya fi shekara a wannan hali kafin wani ya ce a kai shi asibiti. Bai cika wata biyu yana shan magani ba ya soma tambayar mahaifiyarsa. Shekarar nan da aka ɓata masa har yau tana ci mini rai.

Don haka kada ki jira sai ya fito. Abin da kika bayyana ciwo ne, kuma yana da magani. Irin wannan lalura ta fi bayyana a daidai shekarunsa. Yanke tiramol ko wata ƙwaya farat ɗaya yana birkita mutum, ga cunkoso, ga rashin barci, ga zaman da ba ka san ranar ƙarewarsa ba. Wani lokacin ma ciwon jiki ne ya taɓa kai, shi ya sa dole likita ya duba shi da idonsa.

Abu mafi muhimmanci shi ne ciwon nan ya shiga takarda. Kuka a bakin ƙofa ba ya shiga fayil. Ki rubuta wa shugaban gidan wasiƙa, ki faɗi abin da kika gani da ranar da kika gani, ki roƙi a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa, ki ajiye kwafi. Ki nemi jami'in walwala na gidan, da yawansu mutanen kirki ne, aiki ne ya yi musu yawa. Sannan lauya ya tashi a gaban alƙali ya sanar da kotu. Doka ta ba alƙali ikon sa a duba lafiyar hankalin wanda ake tuhuma kafin a ci gaba da shari'arsa, kuma rahoton likita yana ƙarfafa neman beli. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Agajin Shari'a kyauta take yi wa marasa ƙarfi, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ma tana karɓar koke. Ki kuma roƙi a sa sunansa cikin waɗanda babban jojin jiha zai duba idan ya kai ziyarar rage cunkoso.

Ba alfarma kike nema ba. Tun 2019 aka canja doka, gidajen yari suka koma gidajen gyaran hali, kuma gyara shi ne aikin da dokar ta ɗora musu. A Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Gaskiya aikin bai kamo abin da ke rubuce a dokokin ba: likitoci sun yi kaɗan, kuma kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke tsare a ƙasar nan jiran shari'a suke, kamar ƙaninki. Amma wanda ya san haƙƙinsa ba a cika share shi ba.

In kin je, ki tambaya ko an ware shi shi kaɗai. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya kan kula da fursunoni, na 2015, sun hana kulle mutum a ɗakin kaɗaici fiye da kwana 15, balle mai irin wannan ciwo da kaɗaici ke ƙara wa nauyi. Idan kika ji ya ce ya gaji da duniya, a ranar za ki sanar da jami'an, kada ki kwana da maganar.

Batun Inna kuma, ki bi ta da lalama. Addu'a kam a dage da ita, ba ta hana magani. Gidan mari ne ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ki tuna mata abin da aka gani a wani gidan mari da ke Rigasa, Kaduna, a Satumbar 2019, inda 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300, wasu da mari a ƙafa, jiki duk shatar bulala. Wanda ya fito daga kurkuku da ciwon ƙwaƙwalwa ba a ƙara masa wata sarƙar. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya yana Barnawa a Kaduna, akwai na Dawanau a Kano da na Kware a Sakkwato.

Ranar da ya fito, ku karɓo takardar maganinsa, kuma kada ya daina sha don ya ji sauƙi sai likita ya ce. A samo masa abin yi, ko zaman shago ne wurin wani kawunsa, a kuma raba shi da majalisar da ta koya masa ƙwaya. Kafin nan ki ci gaba da zuwa ko bai gane ki ba, ki kira shi da sunan da kuke kiransa a gida. Ki sake rubuto mini bayan zaman kotu na gaba, ina son jin abin da alƙali ya ce.