Me ya sa labarina yake mutuwa a shafi na goma?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, ina rubuta gajerun labarai ina turawa rukuninmu na WhatsApp. Farawa ba ta ba ni wuya, amma da na kai shafi na goma sai in rasa abin da taurarina za su yi, masu karatu kuma su daina tambayar ci gaba. Ina gyaran yake? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Galibi ciwon yana shafin farko, a na goma ne kawai yake bayyana. Kin fito da tauraro, kin siffanta kyansa da gidansu da motarsa, amma ba ki ɗora masa wata buƙata ba. Kafin ki rubuta layi ɗaya, ki amsa tambayoyi uku a takarda: me babban tauraro yake nema, me ya tare masa hanya, me zai rasa idan bai samu ba? In ɗaya ta gagara amsawa, labarin bai nuna ba tukuna.

Ɗauki tela a kasuwar Sabon Gari. Saura kwana uku Sallah, yaron shagonsa ya ƙona shaddar wani Alhaji da dutsen guga, daidai kan aikin wuya. Buƙatarsa ya sami irin yadin kafin Alhaji ya aiko. Cikas, ba shi da kuɗi, kuma mai shagon da ke da wannan launi yana binsa bashi. Abin da zai rasa shi ne sunan da ya yi shekaru yana ginawa. Daga nan zaren ya ƙullu, kuma ki bari kowane yunƙuri nasa ya ƙara tsuke ƙullin. Ya je rance wurin surukinsa, ya samu, sai dai da sharaɗin ya kori yaron, yaron kuma ɗan marigayin amininsa ne. Wannan sarƙar dalili ita ce zubi: abu kaza ya faru saboda kaza. Inda duk kika ga "sai kuma" ne kaɗai ke haɗa fitowa da fitowa, wato wani ɓangaren labari da na gaba da shi, ki tsaya ki nemo dalilin.

Ki fara kusa da rikicin. Buɗe labari da tarihin kakanni ko kiran sallar asuba da shara da wanke-wanke yana cinye shafi uku ba a motsa ba. Abin da ya wuce ki shigo da shi ta waiwaye, layi biyu ko uku, a lokacin da mai karatu yake buƙatarsa.

Sai zance, inda na fi ganin marubuta masu tasowa na tuntuɓe. Kada ki rubuta "ransa ya ɓaci matuƙa". Nuna shi yana taka keken ɗinki alhali babu zare a allura. Gaisuwa kuma a gajarta ta; a baki tana da daɗi, a takarda layi takwas na "ina kwana, ina gajiya" nauyi ne. Kowa ya yi magana da bakinsa: Alhaji ba zai ce "ina jin haushinka" ba, zai ce "Malam, ashe haka muka yi da kai?" Karanta zancen da ƙarfi, kunnenki zai kama abin da ba Bahaushen da zai faɗa.

Ki zaɓi mazaunin mai ba da labari tun farko. In a cikin fage yake, yana cewa "na", ba shi da ikon sanin abin da ke zuciyar Alhaji ko abin da aka faɗa bayan ya fita. In a bayan fage yake, yana da wannan dama, amma a gajeren labari gara ki manne wa mutum ɗaya. Taurari ma kada su wuce uku ko huɗu.

Jigo kuwa, kamar riƙon amana, a bar shi ya fito daga zaɓin da telan ya yi, ba sai kin tsayar da labari kin yi wa'azi ba. Haka kwance ƙullin: gado da ya faɗo daga sama ko haɗarin mota a kan hanyar Kaduna ba su warware komai, domin ba telan ne ya jawo su ba. Tun kina tsara labarin ki san ko zai kori yaron ko zai je ya faɗa wa Alhaji gaskiya, ki rubuta wannan fitowar ta ƙarshe, sannan ki koma shafin farko.