Bambancin force, compel, coerce da oblige a Turanci

Malam, ka tambaya ko kalmomin nan huɗu ma'anarsu ɗaya. Dukkansu tilas ne, amma nauyinsu ya bambanta.

Force ita ce gama-gari, ko ƙarfin tuwo ne ko halin da ba makawa. Compel kuwa doka ce ko zuciyarka ke matsa maka, kamar kotu ta tilasta wa mai shaida ya bayyana. Coerce ta fi muni, domin akwai barazana a cikinta, kamar a sa mutum ya amsa laifi don tsoron duka. Oblige nauyi ne kawai da ya hau kanka.

Ka kula da ginin jimla, nan aka fi tuntuɓe: force him to go, amma an fi cewa coerce him into going.