Amsa: Su wane ne mutum biyar da ke gaban jerin gwanon 'yan Sikh?

Ɗan'uwa, ka tambayi ko mutum biyar ɗin nan masu takubba da ke shige wa 'yan Sikh, wato mabiya wani addini da ya samo asali a yankin Punjab, gaba a bukukuwansu limamai ne. A'a. Panj Pyare ake ce musu, wato "ƙaunatattu biyar".

Asalin abin a garin Anandpur ne, a yankin Punjab na ƙasar Indiya, ranar Vaisakhi, bikin girbi, a shekarar 1699. Guru Gobind Singh, guru na goma, wato na goma a jerin manyan malaman addinin, ya zare takobi gaban taro ya nemi wanda zai ba da kansa a sare. Mutum biyar suka fito ɗaya bayan ɗaya: Daya Ram, Dharam Das, Himmat Rai, Mohkam Chand da Sahib Chand. A cikinsu har da wanzami da mai ɗiban ruwa, a ƙasar da ake fifita mutum bisa asalinsa. Aka dama ruwa da sukari da takobi mai kaifi biyu, suka sha a kwano ɗaya, kowa ya ɗauki sunan Singh. Da su aka kafa Khalsa, wato jama'ar 'yan Sikh da suka sha wannan ruwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne, bayan haka Guru da kansa ya roƙe su su shayar da shi. Malami ya zama almajirin almajiransa ke nan. A yaƙin Chamkaur ma, mabiya biyar ne suka umarce shi ya fice daga ganuwar da abokan gaba suka kewaye, ya bi umarninsu.

Don haka matsayin nan ba gado ba ne. Yau duk mutum biyar da suka sha ruwan nan kuma suke kiyaye dokokin Khalsa za su iya tsayawa a wannan matsayi, su ne ke shigar da sababbin mabiya.