Mai tayil ya ɓata mini banɗaki, ko zan iya riƙe cikon kuɗinsa?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, na ba wani mai sa tayil jingar banɗakina, ƙasa da bango. Ni na sayo tayil da siminti da yashi, shi aikin hannu kawai ne nasa. Na ba shi kafin alƙalami, da aiki ya kai rabi na ƙara masa, saura kashi ɗaya cikin uku. Da muka fara amfani da wurin sai ga ruwa ba ya bin magudana, yana taruwa a bakin ƙofa. Bango ɗaya kuma in ka ƙwanƙwasa sai ka ji amon fanko, tayil biyu ma sun faɗo. Layukan ba su miƙe ba, wannan tun yana aikin na gani ban yi magana ba. Gaskiya shi bangon ya ce a jira filastar ta bushe, ni na ce ya ci gaba don ina sauri. Yanzu na riƙe cikon kuɗinsa da injin yankan tayil da ya bari. Wani abokina mai karatu ya ce haram nake ci, wai ma'aikaci amintacce ne ba a sa shi biyan ɓarna, balle wanda ya yi aiki a gidanka, kuma an ce a biya shi kafin guminsa ya bushe. Mene ne hukunci?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, Allah ya saka maka da alheri da ka faɗi maganar filastar nan. Da yawan masu tambaya sukan ɓoye irinta don fatawa ta fito yadda suke so, sai su tafi da amsar da ba ta wanke su a wurin Allah ba. Jimlar nan guda ita ta raba hukuncin, domin aibi uku ka lissafa kuma ba a ma'auni ɗaya suke ba.

Kafin komai, mayar masa da injinsa yau. Bai ba ka shi jingina ba, barinsa ya yi a gidanka, don haka amana ne a hannunka. Da shi yake neman abincin iyalinsa, kuma duk ranar da ya rasa aiki saboda ka riƙe shi, kana jawo wa kanka haƙƙin da zai iya fin wanda kake binsa. Kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka, haka ya zo a ruwayar Abu Dawud da Tirmizi.

Abin da ke tsakaninku ijara ce, wato ɗaukar mutum da lada, a kan aiki, tunda kayan naka ne. Shi kuma mai jinga ne da ya kafa kansa yana yi wa jama'a sana'a. Ba ɗan ƙodago ba ne da ake biyan yininsa ko aiki ya yi kyau ko bai yi ba. Abin da ka saya a wurinsa banɗaki ne mai amfani.

Ƙasan banɗakin laifinsa ne, babu ja. Duk wanda ya san sana'ar ya san ana ba daɓen gangare zuwa bakin magudana, kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kuma ana gwadawa da ma'aunin lebur ko a kwara ruwa a gani kafin a rufe layuka da farin siminti. Ba sai ka shardanta masa wannan ba, abin da aka saba da shi a sana'a daidai yake da abin da aka shardanta. Kuma aibi ne ɓoyayye, ido ba ya kama shi sai ruwa ya zuba, saboda haka kuɗin da ka ba shi a tsakiyar aiki ba ya nuna ka yarda. Gyaran a kansa yake, har da tayil ɗin da za su fashe wajen ɓamɓarewa da simintin da za a sake saya. Ko da yaransa ne suka shimfiɗa, kai da shi ka ƙulla.

Karkatattun layuka kuwa, a ganina haƙƙinka ya faɗi. Ka gani da idonka lokacin da gyara yake da sauƙi, siminti bai gama kamawa ba, ka yi shiru, sannan ka ƙara masa kuɗi. Wannan alamar yarda ce a aibin da yake a fili. Ka bar wannan.

Sai bangon. Mutum ya gaya maka filasta ba ta bushe ba, ka ce ya ci gaba. Gaskiya ya faɗa maka. Siminti yana ɗaukar kimanin kwana 28 kafin ya kai cikakken ƙarfinsa, kuma yana tsukewa yayin da yake bushewa. In aka manna tayil a kan ɗanyar filasta, ita tana motsi shi ba ya motsi, sai su rabu. Wanda ya yi maka nasiha, ka ƙi, ka ba shi umarni a kan dukiyarka, ba ka da bakin cewa ya biya abin da umarninka ya haifar. Sauri ya haifi nawa, kuma nawar taka ce.

Amma kada shi ma ya fake da wannan gargaɗin ya wanke kansa daga komai. Izinin da ka ba shi na yin aiki a kan ɗanyar filasta ne, ba ka ba shi izinin yin ha'inci ba. Tayil biyun nan da suka faɗo, ɗauko su ka juya bayansu. In ka ga siminti ya lulluɓe bayan duka, har ya taho da fatar filastar manne a jikinsa, to bangon ne ya saki, asarar taka ce. In kuwa ka ga dunƙule huɗu ko biyar na siminti an ɗiga a kusurwoyi da tsakiya, sauran bayan tas babu komai, to ko shekara filastar ta yi tana bushewa amon fankon nan sai ka ji shi. Wannan aikin hannunsa ne, kuma shi zai ɗauka. In abin ya haɗu, filasta ɗanya kuma manni na algus, sai a raba asarar gwargwadon abin da masana sana'ar suka ƙiyasta. Ni ba zan yanke wannan daga nesa ba, kai ma ba za ka yanke wa kanka ba don kai ne mai ƙara. Ku samo mutum biyu masu gaskiya da suka san aikin, waɗanda ba su da kwaɗayin a ba su gyaran, su duba a gabanku. Kuma kada ka fasa ko tayil ɗaya kafin su zo. Mai da'awa shi ke kawo hujja, in ka rushe wurin ka rushe hujjarka.

Yanzu maganar abokinka. Ba daga iska ya ɗauko ta ba, shi ya sa take ruɗar mutane, amma ya haɗa mas'ala biyu ya mayar da su ɗaya.

Ta farko: kaya ya salwanta a hannun mai sana'a ba tare da aikinsa ba, an sace ko ya ɓace. A nan malamai suka yi saɓani. Abu Hanifa yana ganin hannunsa na amana ne, ba ya biya. Almajiransa Abu Yusuf da Muhammad suka ce yana biya sai in abin ya fi ƙarfinsa, kamar gobara mai cinye gari. Malikiyya suka lamuntar da masu sana'a, wato suka ɗora musu biyan, abin da suka keɓanta da shi ba a idon mai kaya ba, kamar yadda Ibn Abi Zaid, wanda ya rasu a 386 bayan Hijira, ya faɗa a Risala. Shaɗibi ma ya kawo wannan a matsayin misalin hukuncin da aka gina kan maslaha, domin da an bar masu sana'a kowa ya ce ya ɓace a gaskata shi, da dukiyar mutane ta ƙare. To, a wannan babin ne aka sassauta wa wanda ya yi aiki a gidan mai kaya ko a gabansa, saboda bai keɓanta da kayan ba, tuhuma ta yi rauni. Da kwalin tayil ne ya ɓace daga tsakar gidanka, da na ce abokinka ya yi daidai.

Ta biyu: mai sana'a ya ɓata kaya da hannunsa ta hanyar sakaci ko saɓa ƙa'idar aikin. Sassaucin can bai taɓa shafar wannan ba. Waɗanda suka ce ma'aikaci amintacce ne, su da kansu suka ce amintacce yana biya in ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Wanda ka ba ajiya amintacce ne, amma in ya bar ta a bakin hanya ya biya. Shafi'iyya, da suka fi kowa sassauci ga mai sana'a, nan suka tsaya su ma. Hanafiyya har sun wuce nan: Abu Hanifa da bai lamuntar da shi abin da ya ɓace ba, ya lamuntar da shi abin da aikinsa ya lalata. Almajirinsa Zufar ya saɓa, yana cewa ai da izini ya yi aikin. Aka amsa masa cewa izinin da mai kaya ya bayar na aiki ingantacce ne, shi aka ƙulla ciniki a kai, ɓarna ba ta shiga cikinsa ba. A kan haka Majalla, kundin dokokin mu'amala na Daular Usmaniyya, ta tafi a doka ta 611. A zamaninmu kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Doha a 2003, ta tabbatar da cewa ɗan kwangila yana lamunin aibi da kuskuren da ya jawo.

In ma ya ce iyakar iyawarsa ke nan, bai tsira ba. Wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da likitanci ba shi ke da lamuni, kamar yadda Abu Dawud da Nasa'i suka ruwaito. Mai karɓar jingar abin da bai iya ba ya ruɗi mutum da kansa.

Shi kuma hadisin gumi, wanda Ibn Majah ya ruwaito, gargaɗi ne ga mai jan ƙafa bayan an gama masa aiki. Hadisin Bukhari ya bayyana shi, inda Allah ya ce zai yi husuma ranar alƙiyama da mutumin da ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi aikinsa cikakke, ya hana shi ladansa. Kai ba ka karɓi daɓe cikakke ba. Da fahimtar abokinka ce daidai, da duk maha'inci sai ya share goshi ya miƙo hannu, a ce shari'a ta ɗaure maka baki. Ka gaya masa, cikin ladabi, ya riƙa karanta babi har ƙarshensa kafin ya ce wa mutum yana cin haram.

Sai dai hadisin Bukharin nan yana kallonka ta wani gefen. Bango ukun da ba ka ambace su da aibi ba, ka karɓi aikinsu. Don haka ya halatta ka riƙe gwargwadon kuɗin gyaran abin da ya tabbata laifinsa ne, abin da ya haura kuma nasa ne, ka ba shi ba tare da jinkiri ba. A ce cikon talatin ne, masana suka ƙiyasta gyaran daɓen a ashirin, to goma ba taka ba ce ko na kwana ɗaya. In gyaran ya zarce cikon, ka bi shi sauran ta hanyar sulhu ko alƙali, ba da ƙarfin hannunka ba.

Ka fara ba shi damar gyarawa da kansa, ku sa rana a gaban shaidu. Shi ya fi sauƙi a gare shi, kuma ya fi kusa da adalci. In ya ƙi, ko ya gwada ya kasa, ko masanan suka ce aikin ya fi ƙarfinsa, sai ka kira wani ka cire kuɗin daga cikon. Kuma irin tayil ɗin da ya lalace ake biya, ko ƙimarsa in ba a sami irinsa ba. In ranka ya biya ka sauya da mai tsada, ƙarin daga aljihunka.

Na san zuciya za ta raya maka ka ɗauki hoton wurin da nasa ka watsa a Facebook. Allah ya yi wa wanda aka zalunta rangwamen faɗin abin da aka yi masa, a aya ta 148 cikin Suratun Nisa'i, kuma wanda ya nemi shawararka a kan ba shi aiki, wajibi ne ka gaya masa gaskiya. Amma gaskiyar duka, har da cewa ya gargaɗe ka ka ƙi ji. In ka nuna bangon ka ɓoye wannan, ka yi masa ƙage a gaban mutanen da ba za ka iya bi ɗaya-ɗaya ka warware ba. Ni dai ban ga amfanin yin hakan ba tun ba a gwada sulhu ba.

Kada rigimar ta sa ka bar wurin haka watanni. Ruwan da ke kwance a kan tayil yana kayar da tsoho da yaro, yana ratsa layuka ya jiƙa bango, in kuma akwai maƙwabci a bayan bangon ko a ƙasanku, ɓarnar da ta same shi bayan ka sani kai zai tambaya. Tayil ɗin bangon da ke amon fanko ma a sauke su bayan masana sun gani, kafin su faɗo a kan wani. Game da tsarki, ruwan wanka da ya taru asalinsa mai tsarki ne matuƙar ba ka tabbatar najasa ta canza shi ba, kada ka buɗe wa kanka ƙofar waswasi.

In ka lura talaka ne kuma kuskure ne ba mugunta ba, ka yafe masa wani abu daga abin da kake binsa, lada ne babba, amma ba a tilasta maka ba. Nan gaba kuma ku rubuta yarjejeniya, ku sa a ciki cewa ba a biyan ciko sai an kwara ruwa an ga inda ya nufa, tare da wa'adin da zai dawo ya gyara in aibi ya bayyana. Wannan sharaɗi ne halastacce.

Allah ne mafi sani.